Fayil Ɗin Burtali

Ranar Lahadi bayan la'asar na ga fayil ɗin, kuma ba nemansa nake yi ba. Kwamfuta nake haɗawa, domin takardar umarni ta fito cewa daga Litinin kowane ma'aikaci zai koma ofis kwana uku a mako, sauran biyun ya yi aiki daga gida. Wata biyar kwamfutar tana zaune wuri ɗaya a kan teburin falona, ban taɓa gusar da ita ba. Na ɗaga ta, na yaye ƙyallen da ke ƙarƙashinta. Ga tsohon ƙamus, ga kwalin kofuna, a samansu kuma ga koren fayil da lambarsa a goshi. Fayil ɗin burtali ne, wanda aka kafa kwamiti a kan ɓatansa, aka ba ni shugabancin kwamitin.

Na nemi kujera na zauna.

Ma'aikatarmu ba babba ba ce, harkar filayen kiwo da mashaya muke yi. Da man fetur ya yi tsada, aka kuma tashi sauya rufin gininmu, sai aka ce manya su koma gida su riƙa aiki ta waya da kwamfuta har a gama. Rajista kaɗai aka bari a buɗe, wato ɗakin da ake ajiye fayil-fayil, kuma Ikilima ce ke riƙe da shi shekara tara. Mace ce mai ƙaramar murya, tana zaune a Yalwawa da mijinta da 'ya'ya uku da mahaifiyarta wadda ɓarin jikinta ya shanye.

A ƙa'ida babu fayil ɗin da ke fita daga rajista sai an sa hannu a babban littafi. Amma darakta irina ba ya sa hannu. Ba wata doka ce ta hana ba, haka muka tarar ana yi. Darakta ya aiki masinja, masinja ya ɗauko, masinja ya sa hannu. Rabona da rubuta sunana a littafin nan tun ina ƙaramar ma'aikaciya. To ranar Alhamis ɗin ƙarshe kafin mu watse, masinjoji duk suna can suna fitar da kujeru daga ofisoshin sama. Na shiga rajista da kaina, waya a kunne, na nuna mata lambar a jikin takarda. Ta ɗauko ta miƙo mini da hannu biyu. Ta buɗe littafin, ta ɗora biro a kai, ta ɗan turo shi gefena kaɗan, kamar mai gyara zaman kwano. Na sa fayil a jaka na fita ina ci gaba da wayata.

Duk wannan ya dawo mini ranar Lahadin nan, har kalar biron. Wata biyar kuwa ko sau ɗaya bai faɗo mini ba. Na sha tambayar kaina ko mantuwar ta gaskiya ce. Ina jin ta gaskiya ce. Sai dai na lura mutum ba ya yawan manta abin da tunawa da shi zai amfane shi.

Yadda ya shiga ƙarƙashin kwamfutar ma ba wani dogon labari ba ne. Taronmu na farko ta bidiyo, Sadisu mai kula da kwamfutocin ma'aikata ya ce mini cikin ladabi wai ƙasan haɓata da fankar sili kawai ake gani, in ɗan ɗaga na'urar. Maigidana Malam Habibullahi yana gefe yana dariya, yana cewa ai gara haka, ma'aikata sun fi tsoron haɓar. Na lalubi abin da ke kusa na jibga, na rufa ƙyalle don kada a ga tarkace. Fuskata ta fito daidai, kowa ya yaba.

Abin da ke cikin fayil ɗin ba a iya sake shi. Taswira ce da aka zana da hannu shekara talatin da suka wuce, ta hanyar shanu a wani ƙauye can bayan Aujara, da dangwalen yatsun dattawa goma sha ɗaya, na manoma da na makiyaya, waɗanda suka yarda da iyakar. Bakwai daga cikinsu sun rasu. Gab da damina wani dattijon makiyaya da ake kira Modibbo ya zo Dutse yana neman a duba taswirar, domin an fara sa garma a bakin burtalin. Sau uku yana zuwa, yana zama a benci ƙarƙashin darbejiya, ana ce masa ana dubawa. Zuwa na huɗu bai tsaya a rajista ba, gidan shugabanmu Alhaji Musaddiq ya wuce. Washegari aka kafa kwamiti.

Kafin kwamitin ya zauna Ikilima ta kira ni sau biyu. Ta gaishe ni, ta gaida Malam, ta tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce ko akwai wani abu na ofis da nake so a zo gida a karɓa, ita ba za ta ji nauyin biyowa ba. Na ce babu, na gode. Karo na biyu har na ɗan ji haushi. Na ce wa Malam yarinyar nan ta ji an ba ni kwamiti, ta fara neman fada.

Ranar zaman, ita tana rajista a gaban wayar Sadisu, mu huɗu kowa yana falonsa. Na yi mata tambayoyi yadda aka san ni da yi, a tsare, ba ɗaga murya. Na tambaye ta wa ta ba fayil ɗin. Ta dubi wayar, wato ta dube ni, ta daɗe.

"Littafi bai nuna kowa ba, Hajiya," in ji ta.

Na ce ba littafi na tambaya ba, ita na tambaya. Ta sunkuyar da kai ta maimaita maganar. Na tuna na buga tebur da yatsa ina cewa fayil ba ya da ƙafa, kwamfutar har ta ɗan girgiza a kan abin da take kai. Muka rubuta rahoto: sakaci. Aka ba ta takardar tuhuma, aka cire sunanta daga masu zuwa ganawar ƙarin girma ta bana. Kwamiti ya ba da shawara a ba ta takardar gargaɗi, a kuma mayar da ita ofishinmu na Buji. Takardar tana jiran sa hannuna ne idan an koma ofis.

Malam ya shigo daga masallaci ya same ni da fayil a cinya. Ya karanta lambar, ya dubi ƙamus da kwalin kofuna, bai buƙaci bayani ba. Tsohon malamin makaranta ne, ya saba da fuskar wanda aka kama. Ya ce, to Darakta, kwamiti ya gano ɓarawo ke nan. Da ya ga ban yi dariya ba sai ya zauna. Ya ce abin ai ba wuya, in kai musu gobe in ce ga shi, a wurina yake.

Na ce masa saura wata bakwai in yi ritaya. Shekara talatin da huɗu ba a taɓa rubuta mini ko layi ɗaya na tuhuma ba. Ni ce ake turo wa sababbin ma'aikata in koya musu riƙon takarda. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni kilomita nawa ne daga Yalwawa zuwa Buji, kuma wa zai riƙa juya tsohuwar idan 'yarta tana can. Na ce masa ba shi aka tambaya ba. Ya ce haka ne, ya tashi ya ba ni wuri.

Litinin na shiga ofis da fayil ɗin a jakata, a naɗe cikin ɗankwali. Gini ya yi sabon rufi, fenti yana ta wari. An dawo da littafin sa hannu na safe a bakin ƙofa, an ce ƙarfe takwas da kwata za a ja jan layi. Wata biyar aiki yana tafiya ba tare da an ga ƙeyar kowa ba, amma gwamnati ba ta yarda mutum yana aiki ba sai ta ga takalminsa a ƙarƙashin tebur. Mutane suna ta gaisawa kamar an dawo daga Hajji, wannan ya yi ƙiba, wancan ya tara gemu, ana tsokanar Sadisu wai yanzu da za a riƙa ganin juna ido da ido sarautarsa ta ƙare. Kowa ya zo gaishe ni. Ikilima ma ta zo, ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta yi mini barka da dawowa. Ta rame. Jakar tana jingine da ƙafata, ina jin taurin fayil ɗin a idon sawuna, na amsa mata da lafiya lau, ya mai jiki.

Takardar Buji tana saman tire, an buga ta tsaf, an bar mini gurbin sa hannu. Alhaji Musaddiq ya leƙo da hantsi ya ce in taimaka in sa wa takardar hannu kafin Laraba ta wuce, tunda Alhamis da Juma'a ina gida, kuma Modibbo ya kai ƙara sama, ana so a ga an hukunta wani. Na ce in sha Allahu. Na ɗauki biro sau biyu a ranar, na ajiye. Aka tashi na koma gida da fayil ɗin yadda na zo da shi.

Ni na tsara jadawalin zuwa ofis na ma'aikatar gaba ɗaya, tun kafin in san abin da ke ƙarƙashin kwamfutata. Don haka na san Talata ranar gida ce ga Ikilima, mataimakinta Sharhabilu ne ke zama a rajista, shi kuwa da an kira azahar yake tafiya masallaci ya bar ƙofa a sakaye. Ban zauna na ƙulla komai ba. Sanin ne kawai ya zo ya zauna kusa da ni tun safe, ya ƙi tashi.

Na yi wa kaina lissafi mai kyau. Idan aka tsinci fayil a rajista, Modibbo ya samu taswirarsa. Laifin Ikilima ya ragu daga ɓatarwa zuwa rashin dubawa da kyau, ni kuma in tsaya mata, in ce a bar maganar Buji, a yafe. Har godiya za ta yi mini. Kowa ya tsira, ba wanda aka kunyata. Da aka kira salla na sauka, na tura ƙofar, na zura fayil ɗin a bayan kabad na uku, tsakaninsa da bango. Na ji ƙarar saukarsa ƙasa. Na koma sama na yi alwala, na tsaya a kan darduma, na kasa tuna raka'a nawa na yi.

Laraba da misalin ƙarfe goma aka ƙwanƙwasa. Ikilima ce, fayil a hannu ɗaya, babban littafin rajista a ɗaya. Littafin nan bai taɓa hawowa sama ba. Ta mayar da ƙofa ta rufe, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ajiye fayil ɗin a gabana.

"An ga fayil, Hajiya. A bayan kabad na uku."

Na ce alhamdu lillahi. Na ji muryata ta fito daidai, irin ta taro.

Ta ce ita ma ta gode wa Allah. Ta ce kabad ɗin nan sau uku tana sa a janye shi a watannin nan, na ƙarshe har da mijinta ya zo ranar Asabar suka fitar da komai na ɗakin waje, suka share, suka mayar. Ba da zafi take maganar ba, kamar mai karanta rahoto. Ta shafa bayan fayil ɗin da tafin hannu ta duba.

"Ko ƙura babu. Ƙamshi ma yake yi."

Sai a lokacin na ji. Turaren wutar falona ne, haɗin da ƙanwata ke aiko mini, wanda duk matan ma'aikatar nan sun san shi a jikin mayafina. Wata biyar takarda tana shan hayaƙinsa safe da yamma. A bangon fayil ɗin kuma ga gurbi huɗu 'yan ƙanana, inda ƙafafun kwamfuta suka lotsa.

Ta buɗe littafin a shafin watan da muka watse. Akwai layi ɗaya da ta rubuta kwanan wata da lambar fayil, ta bar gurbin suna da na sa hannu fari. Kwamitina ya ga layin nan, mun kira shi shaidar sakaci. Ta ɗora biro a kai, ta ɗan turo shi gefena, daidai yadda ta yi a wancan karon.

"Ban san me zan rubuta a nan ba, ranki ya daɗe. Daga ina ya dawo?"

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa tun ranar kwamiti. Tambayar banza ce, amma ita ta zo bakina. Ta ce ta yaya za ta ce wa uwa ke ce, a gaban maza uku, a cikin waya kuma ana naɗa. Ta ce ta ɗauka zan tuna. Ta ce mahaifiyarta ma cewa ta yi ta yi shiru, babba ba ya rasa dalili.

Wannan tarbiyyar muke yabo. Ni kaina na sha yabon Ikilima da ita, ina cewa yaran yanzu su zo su ga kunya. Ban taɓa tsayawa na duba wa take yi wa amfani ba. Ga shi ta kai mace ta ɗauki laifin da ta san ba nata ba, tana gaishe da mai laifin tana tambayar jikoki.

Na jawo littafin. Na rubuta Kubura, cikakken sunana da muƙamina, a gurbin wanda ya ɗauka, na sa hannu. A gurbin dawowa na sa kwanan watan Talata, na rubuta cewa ni na ajiye shi a bayan kabad. Ta karanta a juye daga inda take tsaye.

Na hau wurin Alhaji Musaddiq da fayil da littafi da takardar da ban sa wa hannu ba. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce Hajiya ai da ba ki rubuta ba. Ya ce abin da ya fi, a ce an ga fayil, a yaga takardar Buji, magana ta mutu; ba a tona babba saura wata bakwai, mutuncin ma'aikata ne gaba ɗaya. Shafin littafi kuwa ana iya manna masa takarda. Yana nufin alheri, na sani. Kuma wallahi na so in karɓa. Na tambaye shi takardar tuhumar da ke cikin fayil ɗin Ikilima fa. Ya ce wannan ai ta riga ta shiga, amma ba mai dubawa. Na ce ni na sha dubawa, da irinta na hana mutane da yawa ƙarin girma.

A teburinsa na rubuta bayanin, shafi ɗaya, kwafi uku: ɗaya a fayil ɗinta, ɗaya a nawa, ɗaya ga waɗanda Modibbo ya kai wa ƙara. Ya sa hannu a janye tuhumar yana girgiza kai. Maganar Buji ta mutu a ranar. Ganawar ƙarin girma kuwa an riga an yi ta tun watan jiya, sai baɗi. Na tambaya ko akwai hanya, ya ce babu, kuma na san babu.

Kafin a tashi labari ya gama ginin. Ba wanda ya ce mini uffan, gaisuwa ce kawai ta ƙara tsawo. Aka aika wa Modibbo ya zo mako mai zuwa, ko da yake gero ya riga ya kai gwiwa a bakin burtalin, sai dai a yi maganar bayan girbi.

Na sauka rajista da kaina na mayar da littafin. Na ce mata ta yafe mini, na faɗi abin da na yi da sunansa, har da na Talata. Sharhabilu yana jin haka ya tashi ya fita. Ta ce ba komai, Hajiya, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Na so a ce ta faɗi wani abu ban da wannan. Na tsaya kaɗan ko za ta ƙara, sai ta jawo wani fayil ta fara ɗinke takardunsa da zare.

Alhamis ranar gida ce. Ƙarfe goma muka shiga taron bidiyo, kwamfutar tana kan tebur ba komai a ƙarƙashinta. Ikilima tana ciki, ita ke rubuta bayanin taro daga rajista, sunanta a ɗan akwati a ƙasan allo. Sadisu ya yi gyaran murya ya ce ranki ya daɗe, haɓa da fanka kawai muke gani, ko za a ɗan sa wani abu a ɗaga ta.

Na ce a bar ta haka, ana jina ai. Muka shiga batu na farko.